Gadar da ke Ɗakin Ticha

A igiyar shanya, tsakanin zanen Hembadoon da singiletin mijinta, Rahmat ta ga an maƙale wani abu da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Da ta matsa sai ta ga fiffike ne irin na jirgin sama, an fere shi daga gwangwala, an shafa masa baƙin fenti a ƙasa, kore da ruwan ƙasa a sama. Fentin bai gama bushewa ba. Ta shanya hijabinta nesa da shi ta koma ciki.

Gidan na mahaifinta ne, Alhaji Salmanu, a nan cikin Lafia. Su suna sashen gaba, ɗakunan baya kuma na 'yan haya ne. A ciki da falon ƙarshe, wanda bango ɗaya ya raba da ɗakin Rahmat, Terhemba yake zaune da matarsa Hembadoon da 'ya'yansu mata. Yana koyar da zanen gine-gine a wata sakandare mai zaman kanta, shi ya sa kowa a gidan Ticha yake ce masa. Ba shi da hayaniya. Yana gaida Alhaji da rusunawa, ranar sallah kuma Hembadoon ce ke taya Iyatu, mahaifiyar Rahmat, suyar nama.

Tun da Rahmat ta gama bautar ƙasa ta dawo gida jiran aiki, ta fara sanin motsin gidan fiye da yadda take so. Duk Asabar bayan azahar wasu maza kan zo a kan babur, su shige falon Ticha, a ja ƙofa. Ba kiɗa, ba waƙar coci, ba ƙarar kwalba. Sai wani abu da ke gangarawa a kan katako, a yi shiru, sannan a kwashe da ihu. Da yake ɗaya daga cikinsu ɗan Eggon ne, ba ya jin Tibi, yaren su Ticha, Hausa suke yi gauraye da Turanci. Wata Asabar ta ji muryar Sesugh, abokin Ticha mai gyaran waya, ta cikin bango.

"Ka sauka ba su ji ba. Oya, kashe masu gadi kafin su tashi gari."

Ta ce wa kanta fim suke kallo. Amma ranar babu wuta, kuma ba wanda ya tayar da janareta. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Wanda ya tayar da maganar shi ne Kawu Mahmuda, ƙanin Iyatu. Ranar wata Juma'a ya zo daga Rafin Giginya, ƙauyensu da ke bayan Ashige, da tsarabar doya, zai sayi maganin feshi ya kwana. Ya zagaya famfon baya zai yi alwala, ya tarar Hembadoon ta ɗage labule tana shara. Ya dawo falon Alhaji ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa, ƙafafunsa a bushe.

"Yaya Alhaji, wa ka saka a ɗakin ƙarshen nan?"

"Ticha ne. Lafiya?"

"Garinmu ne a kan teburinsa."

Alhaji ya yi dariya. "Garin naku har ya kai a ɗora shi a tebur? Ai ko faranti ya ishe shi."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce gadarsu ce, da idonsa ya gani, har da gefen da motar rogo ta taɓa bugewa ƙarfen ya lanƙwashe. Ga giginyoyin bakin rafi, ɗaya a karkace. Ga dutsen da mata ke wanki. Ga hanyar da ta shiga gari. Kuma an jera sojoji a kai, da jiragen sama.

"Mutum ba ya auna garin wani haka kawai," in ji shi. Ya ciro wayarsa daga aljihu. "Ina da iyali a can, Yaya. Mun taɓa kwana a daji da jarirai, ba zan sake ba. Bari in kira shugaban 'yan bangarmu."

Rahmat na bakin ƙofa da tiren abinci a hannu. Ta san in maganar nan ta isa ƙauye, ba za ta dawo Lafia a matsayin tambaya ba. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a watso kayan Ticha titi.

"Mayar da wayar," in ji Alhaji. "Gidana ne. Ka ba ni zuwa gobe." Ya juyo ya ga Rahmat. "Ke da kika yi jami'a, je ki gano mana mene ne."

Da ya aike ta kasuwa da ƙafa cikin rana da ya fi mata sauƙi. Iyatu ta ɗora mata doya a kai, ta ce ta ce tsaraba ce.

Hembadoon na zaune a ƙasa tana ɓarar agushi. Ticha kuwa yana kan benci, da reza a hannu da guntun gwangwala a cinya, farin ɓawo ya zube a ƙafarsa kamar an kankare rogo. Teburin ya cinye rabin falon. Kujerunsu an jingine su a bango, ɗaya a kan ɗaya.

"Anti Rahmat! Shigo, shigo. Amma kar ki zauna a wannan kwali, soja yana ciki."

Ta ajiye doyar, ta gaishe su, ta rasa yadda za ta fara. Bai bari ta sha wahala ba. Yana ganin idonta ya sauka a kan teburin ya miƙe, kamar wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

Ya ce wasa ne, kamar dara, sai dai shi da sojojin roba ake yi, da dayis irin na ludo, da tef ɗin tela na auna nisan da kowa zai tafi. Sojojin wani ɗan'uwan Sesugh ne ya aiko daga waje. Jiragen kuwa ba a samunsu, dole mutum ya ƙera abinsa. Ya ɗauko ɗaya ya ɗora mata a tafin hannu. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya nuna mata yadda yake zaɓar gwangwalar da ta bushe sosai a wurin masu yin gado, ya ɓare bayanta, ya fere cikin mai laushi har ya yi siffar gangar jiki, ya goge da sanfefa. Fiffiken yana soka masa tsinken tsintsiya a ciki don kada ya tanƙware in fenti ya sha shi. Gilashin gaba daga robar ruwa ya yanko, tayoyin kuma maɓallan tsohuwar rigar Hembadoon ne.

"Rigar ba ta tsufa ba," in ji Hembadoon, ba ta ɗago ba.

Rahmat ta juya jirgin. "Ina injinsa?"

"A'a ha! Kin gani ko? Babu inji. Gilaida kenan." Ya ce a babban yaƙin Turawa na da can, wani jirgin ne ke jan irin wannan da igiya, cike da sojoji, in an kusa sai a sake shi, ya sauko shiru kamar shirwa. Kafin masu gadi su farga an riga an kama gada.

Ya furta kalmar shirun nan da wani irin daɗi a bakinsa. Rahmat ta ajiye jirgin.

A gefen tebur akwai wani da hancinsa ya cire, fiffikensa ɗaya a karye. Ta ɗauka faɗuwa ya yi. Ya ce a'a, haka ya ƙera shi da gangan, don in dayis ya ce jirginka ya yi hatsari a sami abin ajiyewa a wurin.

Ta zagaya teburin a hankali. Ciyawar garin katako ce da aka rina kore, rafin fenti ne aka bi da gam ya yi ƙyalli. Ta san Rafin Giginya, tana zuwa hutu tana yarinya, kuma Kawu bai yi ƙari ba. Ta sunkuya kamar za ta gyara takalmi, ta leƙa ƙarƙashin gadar. A can ciki, inda ba mai wasan da zai taɓa gani, an manna wasu 'yan ɗigon laka a jere a jikin siminti. Sheƙar tsattsewa.

"Ticha, wannan gadar ta Turai ce?"

Hannun Hembadoon ya tsaya a cikin agushi.

"Gada kawai ne, Anti," in ji shi. Ya koma kan bencinsa ya ɗauki reza.

Kafin ta koma wurin mahaifinta sai da ta shiga ɗaki ta duba a waya. Jiragen gaskiya ne, an yi irinsu, an kuma daina tun kafin a haifi Alhaji. Amma gadojin da ta gani a hotunan duk na ƙarfe ne, a kan ruwa mai faɗi, ba giginya ko ɗaya.

"Jirgin na tashi?" Alhaji ya tambaye ta.

"Ba ya tashi, Baba. Ko jefa shi aka yi faɗuwa zai yi. Wasa ne, ana yinsa a ƙasashe da yawa."

"Gadar fa?"

Ta dubi tabarma. "Ta su Kawu ce."

"Kin tambaye shi?"

"Ya ce gada ce kawai."

Kawu ya yi tsaki ya gyara zama. Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce gobe in abokan sun zo, a fito da teburin tsakar gida, a yi wasan a gaban kowa.

Washegari bayan azahar aka fito da shi, Ticha da Sesugh a gaba, ɗan Eggon ɗin a baya yana ta cewa a yi hankali da giginya. Aka ajiye a inuwar mangwaro. Sauran 'yan haya suka fito suka tsaya a bakin ƙofofinsu. Hembadoon ta tura 'ya'yanta gidan maƙwabta, ta zo ta jingina da bango da hannu a ƙirji. Rahmat ta tsaya a bayan Iyatu.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Sesugh mai baki ne, shi ya karɓi bayani. Ya jera masu gadi a bakin gada, ya miƙa wa Alhaji jirgi ɗaya da dayis.

"Baba, kai ne direba. In ka jefa babba, ka sauka lafiya. In ƙarami ne, sai dai Allah ya jiƙan fasinja."

"Ni ban taɓa caca ba."

"Ba caca ba ne, Baba, ko pure water ba a ci a nan. Sai dai a yi maka dariya."

Alhaji ya yi bisimilla ya jefa. Ɗaya ya fito. Ticha ya ja tef ya auna, ya ɗauke jirgin Alhaji, ya ajiye karyayyen nan a tsakiyar rafi. Tsakar gida ta kwashe da dariya.

"Dama ko babur bai iya ba," in ji Iyatu.

"A ba ni in sake," in ji Alhaji, yana naɗe hannun riga.

Kawu bai matso ba sai a lokacin. Ya zagayo ya tsaya a ɗaya gefen teburin, ƙetaren rafin, hannunsa a baya.

"Malam Ticha, in jirgin bai faɗa ruwa ba, ina yake sauka?"

Ticha ya nuna wani fili shimfiɗaɗɗe da ke tsakanin rafin da wasu 'yan bukkoki. "Nan."

"Kullum nan?"

"Nan ne ya miƙe, Baba. Sauran wuri dutse ne."

"Na san dutse ne. Nan ɗin gonata ce. Riɗi na shuka bana." Kawu ya sunkuya. "Komai ka yi shi daidai, har karkatar giginya. Amma waɗannan ɗakunan fa? Babu ɗaki ko ɗaya a ƙetaren rafinmu."

Bukkokin kewayayyu ne, an yi jinkarsu da zaren buhu da aka tsefe. A tsakiyarsu akwai wata rumfa mara bango, irin wadda Tibi ke karɓar baƙi, da bishiyar lemo a bayanta. Rahmat ta lura duk teburin babu inda aka ɓata wa lokaci kamar wurin. Har turmi akwai, ƙarami kamar ƙwayar masara.

Ticha ya shiga naɗe tef ɗinsa. Sesugh ya buɗe baki, ya dubi abokinsa, ya rufe.

"Da akwai," in ji Hembadoon daga jikin bango. "Gidan babansa ne. A nan aka haife shi."

 Iyatu ta matso ta ƙura wa Ticha ido kamar yau ta fara ganinsa.

"Kai ɗan Ngumimi ne? Mai garin rogo, da ke ƙetaro mana ranar kasuwa?"

"Ni ne, Mama."

"Ikon Allah. Tana nan?"

"Ta rasu a Obi. Bayan mun tashi."

Ba wanda ya tambayi wane tashi. Kowa a gidan ya san shekarar rikicin, lokacin da aka ƙona gidaje a gefunan rafin duka biyu, waɗansu suka koma, waɗansu ba su koma ba.

"Ka ji ko, Yaya?" Muryar Kawu ta yi ƙasa, ba kamar jiya ba. "Ni ban ƙwaci filin kowa ba. Shekara da shekaru yana kwance ciyawa ta cinye, mai gari ya ba ni aro. To yanzu ga mai shi, duk sati yana tara maza a ɗaki, a rufe ƙofa, yana sauke soja a kai. Ni zan koma in ce wa mutanenmu wasa ne?"

"Baba, ban san kai ne ke noma wurin ba," in ji Ticha. "Ban ma san Mama 'yar can ba ce. A wasan nan dole gada ya zama da awo daidai, faɗi da tsawo, in ba haka ba tef ba zai yi aiki ba. Na duba hoton na Turawa, gefe ɗaya kawai ake gani. Ni kuma gada ɗaya ne na sani sama da ƙasa. A ƙarƙashinsa muke kama kifi. Da na gama gada sai hannu ya ci gaba."

"Hannu ya ci gaba," in ji Kawu. "Haka ake farawa."

"Tun da muka tashi ban taka wurin ba."

"Wa ya shaida?"

Rahmat ta so ta ce wani abu game da sheƙar tsattsewar nan, cewa mai shirin kai hari ba zai zauna yana manna gidan tsuntsu a inda ba a gani ba. Amma da ta juya maganar a ranta sai ta ga Kawu ma zai iya ɗaukarta ya ce ga shi nan, har ƙarƙashin gada ya sani. Ita kanta ba ta tabbatar wanne ne ba. Ta tuna yadda ya ce shiru kamar shirwa. 

Alhaji ya ajiye dayis ɗin a gefen tebur.

"Ticha, tun da ka shigo gidan nan ban ga sharrinka ba. Mahmuda kuma ba ƙarya ya yi ba, tsoronsa na gaskiya ne. Ga abin da za a yi. Jiragenka naka ne, sojojinka naka ne, ku yi wasanku, amma ƙofa a buɗe. Waɗannan ɗakunan kuwa a cire su yanzu a gaban kowa. Giginyar ma a cire, gadar a sake mata kama. Ya zama ba garin kowa ba. In an yi haka maganar ta mutu a tsakar gidan nan. Ko ba haka ba, Mahmuda?"

Kawu ya daɗe yana kallon filin riɗinsa a kan tebur. "In an cire, ban ga komai ba."

"In kuma ba za a cire ba," in ji Alhaji, "ba zan iya riƙe wayar kowa ba, kuma ba zan iya riƙe ka a gidan nan ba. Ka yi haƙuri."

Rezar na cikin aljihun rigar Ticha, a naɗe cikin takarda. Ya ciro ta, ya warware, ya sunkuya a kan bukkokin. Ya kai bakinta gindin rumfar nan ta tsakiya. Hannun da ke fere gwangwala har ta yi sirantar takarda ya tsaya a wurin bai motsa ba. Wata 'yar haya ta koma ɗakinta ta saki labule.

"Ter," in ji Sesugh a hankali, "za mu gina wani."

Bai ɗago ba.

Hembadoon ta bar jikin bango ta zo. Ta yi masa magana da Tibi, gajeriya, Rahmat ba ta tsinci komai ba sai sunayen 'ya'yansu. Sannan ta zare rezar daga yatsunsa. Ba ta iya ba, sai da ta haɗa da farce. Gam ɗin ya kama sosai, kowace bukka tana tasowa da ɓawon ciyawa a gindinta, tana barin farin tabo a kan katako. Ta cire rumfar, ta cire lemon, ta bi giginyoyin ta karya su daga tushe. Turmin ya gangara ƙasa, ta sunkuya ta nemo shi a cikin yashi. Duk ta tara a bakin zanenta ta ƙulle.

"Baba, ya yi?" ta tambayi Alhaji.

Alhaji ya dubi Kawu. Kawu ya zagaya teburin, ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can.

"Saura ƙarfen gadar."

Ta sa babban yatsa ta danne lanƙwasasshen ƙarfen, wanda ashe waya ce aka yi wa fenti, har ya ɓalle.

"Shi kenan," in ji Alhaji. "Allah ya ba mu zaman lafiya. Iyatu, a kawo wa baƙi ruwa."

Iyatu ta tura Rahmat. Da ta dawo da tiren, Sesugh da ɗan Eggon ɗin suna mayar da sojoji cikin kwali, Alhaji na tambayarsu ko in an sake gini zai samu ya rama faɗuwarsa, Kawu kuma ya koma kan tabarma, wayarsa a gefen cinyarsa. Ta bi kowa da kofi. Da ta zo inda Ticha yake tsaye ɗazu, ba ya nan. Ta waiga ta hango shi a bakin ƙofar gida, da silifas ɗin ɗaki a ƙafarsa. Ya zare sakatar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ya fita, ya ja ƙofar a bayansa.